Gwaji ya ce maganin tayirod ya yi mini yawa, jikina kuwa ya ce bai isa ba

Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 34, ina da aure da 'ya'ya biyu. Wata takwas da suka wuce aka gano cewa glandar tayirod ɗina, wadda take a gaban wuya, ba ta samar da homon yadda ya kamata. A lokacin TSH ɗina 18 ne, gwajin TPO kuma ya nuna garkuwar jikina ce take yaƙar glandar. An ɗora ni a kan lebotairoksin 50 mcg, bayan wata biyu TSH ya sauko zuwa 7.2, sai aka mayar da ni 75 mcg. Daga nan ban sake komawa gwaji ba sai makon jiya. A tsakani yayata ta ga yadda gashina yake zuba, ta sayo mini ƙwayoyi kala uku: ta gashi da farce mai wani bitamin da ake kira bayotin 10,000 mcg, da haɗin bitamin mai sinadarin ƙarfe da kalsiyom, da wata kwalba da aka rubuta cewa tana taimakon tayirod, mai ciyawar teku da wani tsiro da ake kira ashwaganda da sinadarin seleniyom 200 mcg. Wata uku ke nan ina haɗa su da maganina da safe in kora da shayi mai madara, haka ma na yi ranar da aka ɗebi jinina. Sakamakon ya nuna TSH 0.2, FT4 25, hemoglobin 11.3, feritin 11, bitamin D 42. Likita ya ce maganin ya yi mini yawa, in koma 50 mcg. Amma ni kullum a gajiye nake, ina jin sanyi, bayan gida da tauri, jinin al'ada yana zuba da yawa, gashi bai daina zuba ba, nauyina kuma yana nan kilo 72. Ban gaya wa likitan ƙwayoyin ba don ina tsoron ya yi mini faɗa. Yayata ta ce likitoci TSH kawai suke kallo, in ƙara maganin da kaina ko in nemi a ba ni T3, wato ɗaya homon ɗin na tayirod. Maigidana ya ce in watsar da komai har na asibitin, tunda babu sauƙi. Muna kuma son ƙarin haihuwa a shekara mai zuwa. Ban fara shan 50 ɗin ba tukuna. Wa zan bi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na fahimci inda abin yake miki ciwo. Mutum ya yi wata takwas yana shan magani ba fashi, ya tashi da safe jiki duk a mace, sannan a duba takarda a ce masa maganin ma ya yi yawa, dole ransa ya sosu, har ya fara tunanin ko ba a yarda da abin da yake ji ba. Gajiyarki ta gaske ce, kuma a cikin takardar da kika kawo akwai lambar da za ta iya bayyana ta. Sai dai kafin mu kai can, ga abin da nake so ki riƙe tun yanzu: kada ki ƙara maganin da kanki, kada ki daina shi, kuma kada ki bari mako ya zagayo ba ki koma wurin likitanki da kwalaben nan uku a hannu ba. Sakamakon tayirod ɗin da aka ba ki an same shi ne a yanayin da ba za a iya dogara da shi ba, likitan kuma ya yanke hukunci ba tare da sanin hakan ba.

Ga yadda ake karanta lambobin. TSH ba tayirod ce take yin sa ba. Wata ƙaramar glanda ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, fituwitari, take fitar da shi don ta umarci tayirod ta yi aiki. Kamar mai kiran wanda ya yi nisa ne, idan bai amsa ba sai a ɗaga murya, idan ya matso sai a sassauta. Shi ya sa TSH yake hawa idan homon ya yi ƙaranci a jini, ya sauka idan homon ya yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji ana ɗaukar 0.4 zuwa 4.0 ko 4.5 mIU/L a matsayin daidai. FT4 shi ne homon ɗin kansa da yake yawo a jini a sake, kuma iyakarsa ta danganta da na'urar da aka auna shi: wasu 12 zuwa 22 pmol/L, wasu 9 zuwa 19, wasu kuma da wani ma'auni daban suke rubutawa, 0.8 zuwa 1.8 ng/dL. Don haka kullum ki duba iyakar da aka buga a gefen lambarki, kada ki gwada taki da ta wata. TPO kuwa ya riga ya gama aikinsa, ya nuna cewa ciwon Hashimoto ne, wanda wani likita ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, ya fara bayyanawa a 1912. Ba a sake maimaita shi don daidaita magani, hawansa ko saukarsa ba ya canza adadin da za ki sha.

To, TSH 0.2 da FT4 25 a takarda suna cewa homon ya yi yawa. Amma akwai abin da ya sa na tsaya. Wanda glandarsa ta daina aiki gaba ɗaya yakan buƙaci kusan 1.6 mcg a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato ke mai kilo 72 kusan 115 mcg. Masu Hashimoto da yawa ba sa kaiwa nan domin glandarsu tana ɗan taɓukawa, amma duk da haka 75 ba adadi ba ne mai yawa a gare ki, balle kina haɗa shi da abubuwan da suke hana hanji tsotse shi. Idan lissafi da alamomin jiki suka saɓa wa takarda haka, sai a nemi abin da ya shiga tsakani. A wasiƙarki na ga abu uku.

Na farko kuma mafi girma shi ne bayotin. Na'urorin gwaji da yawa suna amfani da bayotin ne wajen kamo homon ɗin da ake son aunawa. Idan jinin da aka kawo ya riga ya cika da bayotin daga ƙwayar da mutum yake sha, sai ya tare wuraren kamun, lissafin na'urar ya karkace. Kuma karkacewar tana da salon da aka sani: TSH ya fito ƙasa da yadda yake, FT4 da FT3, wato awon T3 da yake a sake a jini, su fito sama da yadda suke. Daidai hoton da ke takardarki ke nan. Abin da jikin babban mutum yake buƙata a rana bai wuce 30 mcg ba, ke kuwa 10,000 kike sha, ya ninka fiye da sau 300. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan, domin bayotin yana iya ɓata har gwajin turofonin da ake gano ciwon zuciya da shi. Bayotin ba ya taɓa glandarki, gwajin kawai yake rikitawa, kuma ba kowace na'ura yake shafa ba, shi ya sa ba zan ce tabbas shi ne ba sai an sake ɗibar jini.

Na biyu ƙarami ne: kin sha lebotairoksin kafin a ɗebi jinin. FT4 yakan ɗaga na ɗan lokaci, ya kai ƙololuwa awa 2 zuwa 4 bayan an haɗiye ƙwayar. Wannan zai iya tura FT4 ya haura iyaka kaɗan, amma ba zai saukar da TSH zuwa 0.2 ba.

Na uku shi ne ya fi damuna, wato kwalbar taimakon tayirod. Irin waɗannan ƙwayoyi ba a tantance su kamar yadda ake tantance magani. Wani bincike da aka buga a 2013 ya auna iri 10 da ake sayarwa, aka samu homon ɗin tayirod na gaske a cikin 9. Ashwaganda ita ma an san tana iya ɗaga homon ɗin a jikin wasu. Ke nan akwai yiwuwar homon ya yi miki yawa da gaske, ba daga maganin asibiti ba, daga kwalbar. Kada jin gajiya ya sa ki kore wannan, domin gajiya da zubar gashi suna zuwa da yawan homon kamar yadda suke zuwa da ƙarancinsa. Ki zauna ki huta minti biyar, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ki ƙirga bugun na minti ɗaya cif. Ki yi haka safe da dare na 'yan kwanaki ki rubuta. Tsakanin 60 da 100 shi ne daidai. Idan kullum yana can sama, ko hannu yana karkarwa idan kin miƙe shi, ko barci yana gagararki, likita yana buƙatar ya ji.

Ga yadda nake ganin za a warware. Daga yau ki ajiye ƙwayar gashin da kwalbar tayirod ɗin, ki ajiye haɗin bitamin ɗin ma, domin mafi yawansu suna ɗauke da bayotin. Ki ci gaba da lebotairoksin. Ki je wurin likita cikin kwana biyu ko uku, ki ce masa: akwai abin da ban faɗa ba, ga abubuwan da nake sha wata uku, kuma na sha su ranar gwajin, shin za a iya maimaita TSH da FT4 kafin a rage mini? Ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka tana cewa a dakatar da bayotin aƙalla kwana 2 kafin gwaji. Ga mai shan 10,000 na fi son a ba shi kwana 3 cikakku, mai ciwon ƙoda kuma fiye da haka. Ranar gwajin ki je da safe, domin TSH yakan fi ɗagawa da sassafe ya sauka da rana, ki tafi da ƙwayarki a jaka ki sha bayan an ɗebi jinin. Ki tsaya a ɗakin gwaji guda da lokaci guda a kowane karo. Idan zazzaɓi ko wata rashin lafiya mai ƙarfi ta kama ki, a ɗaga gwajin har ki warware, saboda ita ma tana girgiza lambobin.

Idan aka maimaita TSH ya yi tsalle ya koma 3 ko 6, FT4 ya faɗo cikin iyaka, to bayotin ne, kuma rage magani zai ƙara miki wahala ne kawai. Idan TSH ya tsaya a ƙasa, to yawan homon ɗin na gaske ne, sai likita ya zaɓa tsakanin ya rage yanzu ko ya jira abin da ke cikin kwalbar ya fita daga jikinki. Idan ya ji komai ya ce duk da haka ki koma 50, ki bi, ki nemi a sa miki ranar gwaji na gaba kafin ki fita. A kowane hali gwajin da zai faɗi adadinki na gaskiya shi ne wanda za a yi bayan mako 6 zuwa 8. Dalili kuwa, lebotairoksin yana ɗaukar kusan kwana 7 kafin rabinsa ya bar jini, don haka duk canjin da aka yi sai ya yi makonni kafin ya zauna. Ƙari ko ragi kuma da kaɗan-kaɗan ake yi, 12.5 ko 25 mcg. Wannan gwajin na mako shida shi ne wanda ya wuce ki bayan an mayar da ke 75, kada ki bari ya sake wucewa. Idan an samu daidaito, sau ɗaya a wata shida ko a shekara ya wadatar.

Yanzu yadda ake shan maganin, domin a nan mutane da yawa suke asarar wani kaso na abin da suka haɗiya. Ko cikin mutum babu komai, hanji yana tsotse kashi 60 zuwa 80 cikin 100 ne. Ƙarfe da kalsiyom suna manne wa ƙwayar a cikin hanji su fita da ita. Madara, kofi, waken soya da abinci mai yawan dusa su ma suna rage tsotsar. Ki sha shi da kin tashi, da ruwa zalla cikin kofi, ki jira minti 30 zuwa 60 kafin ki sa wani abu a baki, awa guda ta fi. Ƙarfe, kalsiyom, magnesiyom da ruwan maganin ƙwannafi, a ba su tazarar awa 4. Idan safiyarki da hidimar yara ba za ta bari ba, ki mayar da shi lokacin kwanciya, awa 3 ko fiye bayan abincin ƙarshe, ki tsaya a kan hakan kullum. Idan kina shan omefurazol, maganin ƙwannafi da gyambon ciki, ko ƙwayar tsarin iyali mai istirojin, ki sanar da likita, duka biyun suna iya ƙara adadin da jiki yake buƙata. Ki bar ƙwayar cikin ledarta ta asali, nesa da zafi da danshi, kuma idan aka canza miki kamfanin da ya yi ta, a sake gwaji bayan mako shida. Ki lura da wani abu: da zarar kin gyara lokacin sha, 75 ɗin nan zai fi shiga jikinki fiye da da. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ƙari da kanki yanzu ganganci ne.

Sai lambar da na ce za ta iya bayyana gajiyarki. Feritin shi ne ma'aunin ƙarfen da jiki ya adana. Ƙasa da 15 ƙaranci ne a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, likitoci da yawa ma daga ƙasa da 30 suke fara magani. Naki 11 ne. Hemoglobin ƙasa da 12 g/dL ga macen da ba ta da ciki ƙarancin jini ne, naki 11.3. Ƙarancin ƙarfe shi kaɗai yana kawo kasala, jin sanyi, zubar gashi, jiri, haki idan an hau bene, da rashin tattara hankali. Duk wanda ya ɗora waɗannan a kan tayirod kaɗai zai yi ta juya adadin magani ba tare da kin ji sauƙi ba. Abin takaici, ƙarfen da ke cikin haɗin bitamin yakan isa ya tare maganin tayirod, amma bai isa ya cike rumbun da ya ƙare ba. Abin da ake bayarwa shi ne ƙwayar ƙarin jini ta sosai, misali feros salfet 200 mg wadda take ɗauke da ƙarfe 65 mg, guda ɗaya a rana ko rana bayan rana. Shan ta sau uku a rana ba ya ƙara saurin warkewa yadda ake zato, ciki kawai yake damu. A sha ta nesa da shayi, kofi da madara, kuma awa 4 nesa da lebotairoksin. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Tana iya ƙara taurin bayan gida, kuma tunda kina fama da shi, ki faɗa tun farko a zaɓa miki rana bayan rana, ki yawaita ruwa. A duba hemoglobin bayan mako 4, ana sa ran ya ɗaga a fili, sannan a ci gaba da sha wata 3 bayan ya daidaita don rumbun ya cika. Ki ɓoye ta inda hannun yara ba zai kai ba, ƙwayar ƙarfe guba ce mai kisa ga ƙaramin yaro idan ya haɗiyi da yawa.

Cike ƙarfe ba tare da toshe inda yake zuba ba aikin baban giwa ne. Yawan jinin al'adar da kika ambata shi ne abin zargi na farko. Ƙarancin homon ɗin tayirod yana kawo shi, amma ƙarin mahaifa da wasu matsaloli ma suna kawo shi, don haka ki ƙirga kwanakin, da yawan audugar da kike canzawa, da ko akwai gudaji, ki faɗa a duba ki. Idan an yi maganin ƙarfe feritin ya ƙi tashi, ko adadin lebotairoksin ya yi ta hawa ba dalili, a gwada ki cutar siliyak, wadda cin alkama yake sa garkuwar jiki ta raunata hanji, da ƙwayar cutar H. pylori mai zama a ciki, domin duka biyun suna hana hanji tsotsar ƙarfe da magani, siliyak kuma tana yawan tafiya tare da Hashimoto. Ban ga bitamin B12 a jerinki ba. Ki roƙa a auna shi, musamman idan kina jin tafin ƙafa ko yatsu suna miki tsira-tsira, saboda masu Hashimoto sun fi sauran mutane kamuwa da ƙarancinsa.

Bitamin D 42, idan da nmol/L aka auna, ya ɗan gaza 50 da ake ɗauka a matsayin isasshe, amma bai faɗa ƙasa da 30 ba inda ake kiransa ƙaranci sosai. IU 800 zuwa 2,000 a rana ya isa, kada a wuce 4,000 sai da umarnin likita. Ki zaɓi wanda ba a haɗa shi da kalsiyom ba, ki sha tare da abinci. Kada ki sa ran zai sauya miki rayuwa.

Aidin kuwa, sinadarin da ciyawar teku take ɗauke da shi, mutane suna jin cewa tayirod da shi take aiki sai su ɗauka ƙarinsa alheri ne. A Hashimoto matsalar ba rashin kayan aiki ba ce, glandar ce aka raunata, kuma aidin mai yawa yana iya ƙara rufe ta ko ya hargitsa ta. Babban mutum 150 mcg yake buƙata a rana, iyakar da ba a so a wuce a ma'aunin Amurka 1,100 ce, ciyawar teku kuma babu mai iya tabbatar miki nawa ke cikin kowace ƙwaya, wani lokaci ya zarce abin da aka rubuta. Gishiri mai aidin da abinci na yau da kullum sun wadatar. Seleniyom 55 mcg ake buƙata. An ga 200 mcg yana ɗan rage lambar TPO a wasu gwaje-gwaje, amma ba a tabbatar yana sa mutum ya ji daɗin jikinsa ko ya rage masa magani ba. Idan ya taru ya yi yawa kuma, alamunsa su ne zubar gashi, karyewar farce da warin tafarnuwa a baki. Iyakarsa 400 mcg ce a Amurka, Turai ta saukar da tata zuwa 255 a 2023, ke kuwa kina samunsa daga kwalbar tayirod ɗin, wataƙila har da haɗin bitamin ɗin, ban da abinci. Bayotin ɗin ma babu hujja mai ƙarfi cewa yana tsirar da gashi ga wadda ba ta da ƙarancinsa, ƙarancinsa kuma ba kasafai ake samu ba. Gashi yana da jinkiri, abin da ya same shi yau sai bayan wata 2 ko 3 yake nunawa, komawarsa ma takan ɗauki wata 3 zuwa 6 bayan an gyara ƙarfe da homon. Nauyin da ƙarancin tayirod yake ƙarawa yawanci kilo 2 zuwa 5 ne, mafi yawansa ruwa da gishiri, don haka ba a auna isar magani da sikeli.

Game da yayarki, ƙauna ce ta sa ta kashe kuɗinta, kuma ta ga abin da wasu ba su kula da shi ba. Ki gode mata, ki ce an nemi ki dakatar da komai har a gama gwaji, ki nuna mata lambar feritin. Maganarta ta T3 tana da tushe, amma lokacinta bai zo ba. Jiki da kansa yake mayar da T4, homon ɗin da ke cikin lebotairoksin, ya zama T3 a hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi, kuma awon T3 a jini ba ya taimakawa sosai wajen daidaita lebotairoksin. Gaskiya ne akwai kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu shan maganin da ba sa jin daidai duk da TSH ɗinsu ya zauna, kuma ƙwararren likitan homon yakan gwada ƙara musu T3 na 'yan watanni. Ana yin haka ne bayan TSH ya daidaita na tsawon lokaci kuma an kawar da ƙarancin jini, B12, matsalar barci da damuwa. Ke ba ki taɓa samun gwaji ɗaya mai tsabta a kan 75 ba tukuna. Ba a kuma ba mai neman ciki T3.

Maigidanki ya yi daidai a kan kwalaben, ya kuskure a kan maganin asibiti. Ganin kina wahala ne ya sa ya gaji da ƙwayoyi, ba za a ga laifinsa ba. Ki bayyana masa cewa lebotairoksin homon ɗin da jikinki ya kasa yi ne ake mayar masa, kuma a Hashimoto yawanci har ƙarshen rayuwa ake sha. Haɗarin dainawa shi ne a makon farko ba za ki ji komai ba, sai ku ɗauka an rabu da shi, bayan makonni sai jiki ya yi nauyi, kitsen jini ya hau, al'ada ta rikice, samun ciki ya yi wuya. Idan zai yiwu ku je asibitin tare ya ji da kunnensa.

Likitanki kuwa, da abin da ya sani ya yi abin da ya dace. TSH da ya daɗe a ƙasa, musamman ƙasa da 0.1, yana jawo rikicewar bugun zuciya da zaizayar ƙashi, shi yake ƙoƙarin kare ki daga gare su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma marasa lafiya masu shan irin waɗannan ƙwayoyi yana ganinsu kullum, ba ke ce farau ba. Tunda lokacinsa kaɗan ne, ki rubuta a shafi ɗaya ranakun gwaje-gwajenki da lambobinsu da adadin da kike sha a kowane lokaci, da bugun zuciyar da kika ƙirga, da tambayoyi uku da suka fi damunki. Idan bayan gwajin mako 6 zuwa 8 lambobin sun ci gaba da saɓa wa juna, ki nemi a tura ki wurin ƙwararren likitan homon, haƙƙinki ne. Amma idan kika ji ciwon ƙirji, ko zuciya tana gudu sama da 100 kina zaune, ko tana tsalle-tsalle, ko numfashi yana sarƙewa, ko kika suma, ko jini ya ɓalle kina jiƙa auduga duk awa, ba a jiran ranar ganin likita, asibiti za ki nufa a ranar, ki kuma faɗa musu kin sha bayotin.

Maganar haihuwa ki sa ta a gaba tun a wannan zuwan, domin tana canza abin da ake nema. Ga mai shirin ciki ana so TSH ya kasance cikin iyaka kuma ƙasa da 2.5, ƙarfe ma ya cika, kafin a ɗauka. Ki ba kanki watannin da za a gyara waɗannan biyun, ki fara folik asid 400 mcg a rana. A watannin farko jariri da homon ɗin uwa yake gina ƙwaƙwalwarsa, glandarsa ba ta fara aiki sai wajen mako na 12, don haka buƙatarki za ta tashi da wuri. Ku yi yarjejeniya da likita tun yanzu a kan abin da za ki yi ranar da gwaji ya nuna ciki. Abin da aka saba shi ne ƙarin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 nan take, wanda ya yi daidai da ƙarin ƙwaya biyu a mako, sannan gwajin TSH duk mako 4 har tsakiyar cikin. Bitamin ɗin masu ciki yana ɗauke da ƙarfe da kalsiyom, shi ma awa 4 za ki raba shi da maganinki, aidin 150 mcg da ke cikinsa kuma ba irin na ciyawar teku ba ne, ba abin tsoro ba ne. Bayan haihuwa akan koma adadin da ake sha kafin ciki, a sake gwaji bayan mako 6. Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.